AGNES POCKELS, BAJAMUSHIYAR DA TA AUNA FUSKAR RUWA

Duk malamin da ya taɓa koya wa yara ilmin halitta ya san dabarar allura. A cika kwano da ruwa, a ɗora allura a hankali bisa fuskar ruwan, sai ta zauna daram ba ta nutse ba, alhali kuwa ƙarfe ce. In aka taɓa ruwan da ɗan sabulu, nan da nan sai ta faɗa ƙasa. Dalili shi ne, fuskar ruwa a ɗame ta ke kamar fatar kalangu. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwa, waɗanda masana ke kira molekul, kullum jan juna su ke yi, na can sama kuwa ba su da 'yan'uwa a bisansu, sai jan ya ƙare a gefe da ƙasa. Wannan ɗamewa ita ke dunƙule ɗigon ruwa bisa ganyen gwaza, ita ke ɗauke da ƙwarin nan masu dogayen ƙafafu da mu kan gani suna yawo bisa kududdufi da damina. Sabulu da danginsa su ne ke sassauta ta.

A zamanin nan masana sun kai ga haɗa wani irin dangin sabulu mai jin umurni, wanda in an haska masa fitila ya kama aiki, in an sake launin fitilar ya daina, har su kan kora ɗigon mai bisa ruwa duk inda su ke so ba tare da hannu ya taɓa shi ba. In aka bi salsalar wannan ilmi, sai a tarad da wata mace wadda ba ta taɓa zama ɗalibar jami'a ba, ba ta kuma taɓa riƙe aikin albashi ba. Labarinta muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu yau.

An haifi Agnes Pockels ran 14 ga Fabrairu 1862 a Venis, birnin nan na Italiya da aka gina cikin ruwa, wanda a lokacin yana ƙarƙashin mulkin Ostiriya. Ubanta, Theodor Pockels, hafsa ne cikin sojan Ostiriya. Arewacin Italiya a wancan zamani ƙasar sauro ce, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya ƙi sakinsa, har ya tilasta masa barin aikin soja tun lokaci bai yi ba. Cikin 1871 ya kwashi iyalinsa suka koma Braunschweig, wani gari a arewacin Jamus. Agnes tana da shekara 9. A nan ta zauna har ƙarshen ranta.

Bari mu ɗan ratse, don akwai abin lura a nan. 'Ya'yan sauro a fuskar ruwa su ke rataye su shaƙi iska. Abin da ya sa ke nan a da dubagari a garuruwanmu su kan zuba kananzir ko baƙin mai a kududdufai, don man ya bazu ya rufe fuskar ruwan ya hana su numfashi. Ashe cutar da ta kwantar da uban, maganin mai kawo ta yana cikin ilmin da 'yar za ta ƙare kwanakinta a kai.

Ta yi makarantar 'yammata ta garin, ta gama. Tun tana can zuciyarta ta karkata ga ilmin kimiyya, musamman fannin fizis, amma a lokacin jami'o'in Jamus ba su karɓar mata. Sai cikin 1900 jihar Baden ta fara buɗe musu ƙofa sosai, jihar Furushiya kuwa sai 1908. Ko da ƙofar ta buɗe, ita ba ta sami shiga ba, don iyayenta duka biyu ba su da ƙoshin lafiya, kuma ita ce 'ya mace ɗaya tilo. Jiyya da girki da wanke-wanke duk suka faɗo kanta. Ƙanenta Friedrich, wanda aka haifa cikin 1865, shi aka tura karatu. Ya sami digirin dakta a jami'ar Gottingen cikin 1888, daga baya ya zama shaihun malami a Heidelberg, har yau kuwa akwai wata ƙa'ida cikin ilmin haske da a ke kira da sunansa. Sai dai ya yi halin ɗan'uwa na gari. Littattafansa na makaranta da mujallun masana da su ke zuwa hannunsa, duk ya kan miƙa wa yayarsa, ita kuwa ta karanta su ita kaɗai in aikin gida ya lafa.

KWAMI DA MAƁALLI

Matar ƙanenta, Elisabeth, ta ba da labari daga baya cewa a wurin wanke kwanuka masu maiƙo ne Agnes ta fara lura da yadda fuskar ruwa ke sake hali in datti ya hau ta. Tana da wajen shekara 18 a sa'an nan. Marubuta da yawa sun so wannan labari ƙwarai, har wani lokaci su kan mai da aikinta kamar sa'a ce kawai ta faɗo mata a bakin kwatami. Mu dai a ganinmu wannan rage mata daraja ne. Mata dubu nawa suka ga maiƙo bisa ruwa tun da aka fara wanke-wanke a duniya? Abin da ya raba ta da sauran shi ne ta ƙera ma'auni, ta auna, ta rubuta, ta sake aunawa, shekara da shekaru.

Cikin 1882, tana da shekara 20, ta gama shirya kayan aikin da suka ɗaukaka sunanta. Wani ɗan kwami ne na farin ƙarfe irin na gwangwani, tsawonsa santimita 70, watau inci 27 da ɗoriya, fāɗinsa santimita 5, zurfinsa santimita 2. Ta kan cika shi da ruwa fal har baki. Sa'an nan ta gitta wani siririn falle na ƙarfe bisa bakin kwamin, yana taɓa ruwa, ya raba fuskar ruwan biyu kamar shamaki, amma ruwan da ke ƙasa yana wucewa abinsa. In ta ja shamakin zuwa dama, duk wata yanar datti da ke bisa fuskar ta dama sai ta matsu wuri ɗaya, ta hagu kuwa ta miƙe ta zama sabuwa fes. In ta mai da shi, yanar ta sake bazuwa.

Don auna ƙarfin ɗamewar, sai ta sami ɗan sikeli irin na masu haɗa magani. A hannu ɗaya ta rataya wani ɗan faifai kamar maɓallin riga, fāɗinsa milimita 6, ta sauke shi har ya taɓa ruwa ya manne. Sa'an nan ta yi ta ƙara nauyi kaɗan kaɗan har ya ɓalle daga ruwan. Nauyin da ya ɓalle shi, shi ne ma'aunin yadda fuskar ta ɗame.

Wanda bai san wahalar wannan fanni ba zai ce ai abin ba wuya. To, babbar matsalar masana a lokacin ita ce samun fuskar ruwa mai tsabta. Ƙurar ɗaki, maiƙon yatsa, kwanon da ba a ɗauraye sosai ba, kowanne ya isa ya ɓata awo, har manyan malamai biyu su auna ruwa iri ɗaya su sami lissafi dabam dabam. Agnes ta gane cewa in ta ja shamakinta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta share fuskar ruwan ke nan kamar yadda a ke share tsakar gida da tsintsiya. Wannan 'yar dabara ita ce tushen kome.

Da ta sami fuska mai tsabta, sai ta sa mata maiƙo kaɗan da gangan, ta riƙa matso shamaki tana aunawa. Ga abin da ta tarar. Da farko, kome matsowar da ta yi, ɗamewar ba ta sake ba, daidai ta ke da ta ruwa mai tsabta. Amma da an kai wani wuri, sai ɗamewar ta fara faɗuwa farat ɗaya, in an ƙara matsawa ta ƙara faɗuwa. Ta zana wannan a takarda, fāɗin fuska a gefe ɗaya, ƙarfin ɗamewa a ɗaya gefen. Irin wannan zane, ita ta fara yinsa a duniya. Wurin nan da yanar ke matsuwa iyaka, har yau masana suna kiransa da sunan Pockels.

TAKARDA ZUWA INGILA

Kusan shekara 10 tana wannan aiki ba wanda ya sani sai mutanen gida. Labarinsa ya kai ga malaman fizis na Gottingen, ba su ba shi muhimmanci ba. Sai cikin 1890 ta ga bayani a wata mujallar Jamus cewa Lord Rayleigh na Ingila ya shiga bincike kan wannan al'amari. Rayleigh ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ya bayyana dalilin da ya sa sararin sama ke da launin shuɗi, a lokacin kuma shi ne sakataren babbar ƙungiyar masana ta Landan, daga baya ya sami Kyautar Nobel cikin 1904.

Abin da Rayleigh ke bi tsohuwar tambaya ce. Cikin 1774 an buga labarin yadda Benjamin Franklin, mutumin Amurka, ya zuba mai cokalin shayi ɗaya a wani tafki na Clapham kusa da Landan, man ya bazu ya kwantar da igiyar ruwa a fili mai kimanin rabin eka. Franklin bai yi lissafin kaurin yanar ba. Rayleigh ya so ya yi. Ya yi amfani da kafur, don ɓarɓashin kafur in an zuba shi bisa ruwa mai tsabta rawa ya kan yi ta yi, in kuwa mai ya rufe fuskar sai ya tsaya cik. Ya auna man zaitun da ya isa ya tsai da rawar, ya sami kaurin yanar wajen nanomita 1.6. Nanomita kuwa, a raba milimita ɗaya kashi miliyan, a ɗauki kashi ɗaya.

Ran 10 ga Janairu 1891 Agnes ta yi ƙuru ta rubuta masa doguwar takarda da Jamusanci. Ta nemi gafara a kan kutsen da ta yi, ta bayyana kwaminta da duk abin da ta gano, ta sanar da shi cewa ba ta da hanyar buga aikin a mujallun masana, ta kuma bar masa ya yi yadda ya ga dama da shi. Mai karatu ya duba wannan hali da kyau. Mace ce da ba wanda ya san ta, a wata ƙasa, ba ta da muƙami ba ta da mai tsaya mata, ta miƙa wahalar shekara 10 ga mutumin da ke kan wannan bincike da kansa. Da ya so, da ya ɗauki dabarar ya yi shiru, ba kuwa mai tuhumarsa. Bai yi haka ba. Ya sa aka juya takardar da Ingilishi, ya aika wa mujallar Nature tare da ɗan gabatarwa na yabo, inda ya nuna cewa da kayan gida kawai matar ta kai ga sakamako mai daraja. Aka buga ta ran 12 ga Maris 1891 da sunan mai ita. Masu aikin ofis sun san yadda aikin ƙaramin ma'aikaci kan koma sunan babba kafin ya kai sama, don haka ba sai mun tsawaita a kan girman abin da Rayleigh ya yi ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Nature ta sake buga mata bincike cikin 1892 da 1893 da 1894, mujallun Jamus su ma suka farka. A na 1892 ta kawo wata dabara da har yau ba a bar ta ba. Man da a ke bukata ya yi ƙanƙanta ƙwarai, sikeli ba ya iya auna shi daidai. Sai ta narkar da sanannen gwargwado na mai cikin wani ruwa mai saurin tashi, dangin fetur, ta ɗiga adadin da ta ke so bisa fuskar ruwa. Mai tashi ya tashi, ya bar man shi kaɗai. Da haka ta sami kaurin yanar man zaitun nanomita 1.3. An yi mata tayin ta zo ta yi aiki a ɗakin bincike na Gottingen, amma ba wanda za ta bar wa iyayenta.

Cikin 1899 Rayleigh ya maimaita gwajinta da kwami irin nata, ya fito da ma'anar wurin nan da ɗamewa ke faɗuwa farat ɗaya. Ya ce a nan ne ƙwayoyin mai suka rufe fuskar ruwa sahu ɗaya tak, kowace tana gugar 'yar'uwarta. Kafin a kai nan a warwatse su ke, shi ya sa ba a jin su. Watau kaurin yanar shi ne girman molekul guda, a zamanin da waɗansu manyan masana ba su ma yarda akwai molekul ba tukuna.

Wanda ya kammala ginin shi ne Irving Langmuir na kamfanin General Electric a Amurka. Cikin 1917 ya gyara kwamin, ya ƙara masa ma'auni mai kyau, ya nuna cewa kowace ƙwaya ta mai ko ta sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudun ruwa. Bisa fuskar ruwa, in an matsa su, a tsaye su ke, kai cikin ruwa, wutsiya a sama. Shi ya sa ƙwayoyi masu doguwar wutsiya da masu gajera duk fili ɗaya su ke ci. Abokiyar aikinsa Katharine Blodgett ta gano yadda za a kwashe irin wannan yana sahu bisa sahu a ɗora kan gilashi, har cikin 1938 aka sami gilashin da ba ya ƙyalli. Langmuir ya ambaci Agnes cikin rubutunsa, ba a ce ya ɓoye ta ba. Duk da haka kwamin a yau da sunan Langmuir da Blodgett a ke kiransa. Suna ya kan bi mai kamfani da ɗalibai a bayansa.

Ita kuwa shekarunta na baya ba su zo da sauƙi ba. Ubanta ya rasu cikin 1906, ƙanenta Friedrich, wanda shi ne tagarta zuwa duniyar masana, ya rasu cikin 1913, uwarta ta bi cikin 1914. A shekarar nan Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, mujallun ƙasashen waje suka daina zuwa, idonta kuma ya fara rauni. Ba ta yi aure ba. Ta ci gaba da ɗan rubutu jefi jefi. Girmamawa ta zo mata a makare: cikin 1931 ƙungiyar masanan Jamus ta wannan fanni ta ba ta lambar Laura Leonard, cikin 1932 kuma, shekarar da ta cika 70, babbar makarantar fasaha ta Braunschweig ta ba ta digirin dakta na girmamawa. A wannan shekara ce aka ba Langmuir Kyautar Nobel. Ta rasu ran 21 ga Nuwamba 1935 tana da shekara 73.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Amfani mafi girma da ya fito daga kwamin nan, a ganinmu, a ɗakin haihuwa ya ke. Cikin huhun mutum akwai miliyoyin 'yan jakunkunan iska masu danshi a ciki, ɗamewar fuskar ruwan kuwa tana neman ta langaɓe su duk sa'ad da aka fitar da numfashi. Cikin 1957 wani likitan Amurka, John Clements, ya ɗora ruwan huhu bisa kwami irin wannan, ya matsa ya saki, ya nuna cewa jiki yana yin nasa dangin sabulu da ke hana jakunkunan rufewa. Cikin 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa rashin wannan abu ne ke kashe bakwaini da yawa. Cikin 1980 Tetsuro Fujiwara na Japan ya ba jarirai 10 irinsa ta maƙogwaro, numfashinsu ya gyaru. Yanzu magani ne sananne a manyan asibitoci.

Sai batun kora ɗigo, wanda muka fara da shi. Malamai za su iya nuna tushensa a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A barbaɗa garin barkono bisa ruwa cikin faranti, a taɓa tsakiya da tsinke mai ɗan sabulu. Barkonon zai watse zuwa gefe kamar an kore shi. Inda sabulu ya taɓa ɗamewa ta ragu, gefen da ya fi ɗamewa ya janye fuskar ruwan zuwa wajensa, duk abin da ke bisa ya bi. Wani Ba'italiye, Carlo Marangoni, ya yi bayanin wannan cikin 1865. Rawar kafur ma ita ke nan. Amma a gwada sake taɓawa karo na biyu, ba abin da zai motsa, don sabulu in ya shiga ruwa ba ya komawa. Agnes da hannu ta kan matsa yanar ta kuma sassauta ta. Abin da masana suka nema shi ne ƙwayar da za ta yi wannan da kanta in an umurce ta.

Cikin 1999 Nicholas Abbott da abokan aikinsa a Amurka suka nuna dangin sabulu mai ɗauke da ƙwayar ƙarfe, wanda ƙaramar wutar lantarki ke kunna shi ta kuma kashe shi, suka tura ɗigo cikin 'yan hanyoyi ƙanana da shi. Cikin 2000 Kunihiro Ichimura na Japan ya shimfiɗa sahu ɗaya na wata ƙwaya mai suna azobenzin bisa gilashi. Wannan ƙwaya a miƙe ta ke, in hasken da ya wuce shuɗi, wanda ido ba ya gani, ya same ta sai ta lanƙwashe, in shuɗin haske ya same ta ta sake miƙewa. Ya ɗora ɗigo a kai, ya haska gefe ɗaya fiye da ɗaya, ɗigon ya kama tafiya. Ɗigon kuwa na man zaitun ne, man da Rayleigh da Agnes suka auna. Cikin 2006 Philip Jessop na Kanada ya haɗa wani iri da iskar nan da mu ke fitarwa a numfashi, kabon dayoksaid, ke tayar da shi ya gauraya mai da ruwa, in an busa wata iska aka kore ta, mai da ruwa su rabu kowa ya kama gabansa. Masu haƙar man fetur suna da sha'awar wannan, don raba ɗanyen mai da ruwa yana ci musu kuɗi. Cikin 2009 kuma Damien Baigl da mutanensa a birnin Faris suka sa azobenzin cikin wutsiyar dangin sabulu, suka ɗora ɗigon mai bisa ruwan. Ɗigon ya guje wa hasken da ba a gani, ya bi shuɗi. Da suka kewaye shuɗin da zobe na ɗaya hasken, sai ɗigon ya shiga tarko, duk inda aka kai fitila ya bi ta.

Burin masu wannan aiki shi ne ɗakin gwaji wanda bai fi tafin hannu ba, inda za a haɗa ɗigon jini da ɗigon magani ba famfo ba bututu. Yawancinsa har yanzu a ɗakunan bincike ya ke, tafiyar ɗigon kuwa a hankali ce, ba ta kai milimita ɗaya cikin daƙiƙa ba a gwaje-gwajen nan na Japan da Faris. Duk sabuwar ƙwaya irin wannan da aka haɗa, sai an san filin da ta ke ci bisa fuskar ruwa a miƙe da kuma a lanƙwashe, kwami kuwa na daga cikin manyan kayan da a ke auna wannan da su. Kwamin zamani na wata farar roba ce mai suna Teflon, inji ke jan shamakinsa, kwamfuta ke zana sakamako. Kafin a ɗiga kome, sai mai aikin ya matso shamaki ya tattara dattin da ke bisa fuskar ruwan ya zuƙe shi, sa'an nan ya ɗiga ƙwayoyinsa narke cikin ruwa mai saurin tashi, ya jira ya tashi.